Sayen giyar inabi tun tana cikin ganga: sabis ɗin ya yi, lissafin ne bai fita ba

Idan maki zan ba wannan dillalin na Landan da nake mu'amala da shi a harkar en primeur, wato sayen giyar inabi tun tana ganga kafin a zuba ta a kwalba, to maki biyu zan raba. Wajen aiki, wato takardu, ajiya, amsa waya, tura kaya inda aka ce a tura, gaskiya ba ni da abin cewa, sun iya. Amma wajen abin da suke tallata maka tun farko, wai ka sayi giya tana ɗanya da araha ka jira ta tsufa ka kwashi riba, nan kam sai dai a yi haƙuri, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu a 'yan shekarun nan, kuma su ma sun sani sarai, kawai ba za su rubuta maka hakan a imel ba ne. Ba zan kama sunansu ba don kusan duk manyan dillalan tsarinsu ɗaya ne, abin da zan faɗa ya shafe su gaba ɗaya. Wanda kuma addininsa ya haramta masa giya da cinikinta ai magana ta ƙare masa tun daga taken, sai dai ya karanta don ya ga yadda kasuwar masu kuɗi ke juyawa.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. A yankin Bordeaux na Faransa ana girbin inabi wajen Satumba zuwa Oktoba, a matse, a zuba a gangunan katako masu cin lita 225, ganga ɗaya kwalba 300 ke nan. Zuwa watan Afrilu na shekara mai zuwa sai manyan gidajen da ke yin giyar su gayyato 'yan kasuwa da masu ɗanɗano daga ko'ina a duniya, a ɗebo musu samfur daga ganga su kurɓa su tofar su ba da maki. Daga nan har zuwa Yuni kowane gida ya dinga fitar da farashinsa ɗaya bayan ɗaya. Kai mai saye ka biya kuɗinka a lokacin, kwalaben kuma ba za su iso ba sai bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Cinikin biri a sama dai, illa iyaka shi wannan birin yana da rasit. Kuma ba daga gidan kake saye kai tsaye ba, akwai layi: gidan ya sayar wa manyan 'yan kasuwar Bordeaux da ake ce wa négociant ta hannun dillalan tsakiya masu karɓar la'adar kashi 2 cikin ɗari, su kuma négociant su sayar wa dillalinka na Landan, shi kuma ya sayar maka, kowa a layin nan sai ya ɗora nasa kafin ta iso gare ka.

Abin da ya fara burge ni da sabis ɗin shi ne buɗe asusu ba wahala, katin shaida da shaidar adireshi kawai, sai su haɗa ka da mutum ɗaya wanda shi ne zai dinga kula da kai. Nawa mutumin kirki ne, ya san kayan, idan ka tambaye shi bambancin Pauillac da Saint-Émilion, yankuna biyu na Bordeaux, zai zauna ya yi maka bayani ba gajiya. Amma da kakar en primeur ta kama sai imel ya fara zubowa kamar ruwan sama, wani lokacin sau da yawa a wuni guda, kuma duk fasalinsu ɗaya: sunan giyar da manyan baƙaƙe, a ƙasa maki 96-98 daga wane, 97-99 daga wane, sai 'yan layuka na yabo irin su ƙamshin baƙin 'ya'yan itace da taba da fensir, sai farashin akwatin kwalba shida, sai jumlar ƙarshe da ba ta taɓa canzawa, wai kason da muka samu kaɗan ne a hanzarta. Abin da ba ka taɓa gani a imel ɗin shi ne nawa ake sayar da giyar gidan ta shekarun baya a yau, wadda ta riga ta shiga kwalba, ta kwana biyu a ajiya, makinta ya tabbata. Wannan lambar kuwa ita ce komai a harkar nan. Sai ka nema da kanka a Wine-Searcher, shafin intanet na duba farashin giya, ko ka matsa wa mutumin naka, kuma da ka tambaya zai faɗa maka gaskiya, a nan na yaba masa, sai dai ba zai fara kawo zancen ba.

Su makin nan ma a lura, tazara ce ake bayarwa ba lamba ɗaya ba, saboda abin da aka ɗanɗana samfur ne na giyar da ba ta gama haɗuwa ba, bayan an zuba a kwalba a sake ɗanɗanawa maki na iya hawa ko ya sauka. A da mutum ɗaya ne ke juya kasuwar, Ba'amurke Robert Parker na mujallar Wine Advocate, wanda ya yi suna da yabon giyar girbin shekarar 1982 tun tana ganga, ya kawo tsarin maki 100, idan ya ce 100 farashi ya tashi a daren. Ya daina zuwa ɗanɗanon en primeur a 2015. Yanzu masu ba da maki sun yi yawa, Neal Martin, Antonio Galloni, James Suckling, Jancis Robinson da ke amfani da maki 20, da sauransu, to dillali sai ya zaɓo biyu mafi tsoka ya manna a imel. Ni ban ce ƙarya ake yi ba, amma idan kowace giya tana da wanda ya ba ta 97 to 97 ɗin ta rage daraja.

Dalilin da ya sa tsarin ya yi suna shi ne da can yana biya. Gidajen na buƙatar kuɗi a hannu don biyan ma'aikata da sayen ganguna, sai su saki kaya da rangwame, mai saye ya ɗauki kasadar jira a madadin araha. Wanda ya sayi 1982 ko 1996 ko ma 2008 a farashin fitowa ya sha romo. Amma manyan gidajen yanzu ba su da matsalar kuɗi, da yawa a hannun attajirai da kamfanonin inshora da na kayan ƙawa suke, kuma sun gane cewa ribar da 'yan kasuwa ke ci bayan fitowa ai tasu ce suke bari a tebur. Sai suka fara sa farashin da ya riga ya haɗiye ribar shekaru masu zuwa. Château Latour ma ta fita daga tsarin ɗungurum, a 2012 ta sanar cewa giyar 2011 ce ta ƙarshe da za ta sayar a ganga, yanzu tana riƙe kayanta a rumbunta sai ta ga sun nuna ta fitar a farashin da ta ga dama. Latour ɗin nan fa tana cikin gidaje huɗu na sahun farko a jerin da aka yi a 1855 don baje kolin Paris zamanin Napoleon na III, tare da Lafite Rothschild da Margaux da Haut-Brion, sai Mouton Rothschild da aka ɗaga ta shiga cikinsu a 1973.

Darasin da ya fi kowanne zafi shi ne na 2009 da 2010, kuma duk wanda zai sa kuɗi a nan ya kamata ya san labarin. A 2008 Hong Kong ta soke harajin giyar inabi gaba ɗaya, kuɗin Chaina suka kwararo kasuwar, Lafite ta zama kyautar da ake kai wa manya, har gidan ya buga alamar lamba takwas ta rubutun Sinanci a jikin kwalbar 2008 saboda takwas lambar sa'a ce a can. Farashi ya yi tashin gwauron zabi. Sai aka samu shekaru biyu a jere masu kyau ƙwarai, 2009 da 2010, gidajen suka fitar da su a farashin da ba a taɓa gani ba, mutane suka yi rububi. Tsakiyar 2011 kasuwar ta kai ƙololuwa ta juyo, sannan yaƙi da cin hanci da Xi Jinping ya ƙaddamar bayan ya hau ya kashe al'adar kai irin wannan kyauta, waɗanda suka sayi manyan giyar 2010 a ganga suka shafe shekaru suna kallon kayansu ƙasa da abin da suka biya. Giyar ba ta da laifi ko kaɗan, tana cikin mafi kyau da Bordeaux ta taɓa yi, farashin shiga ne ya kashe su.

Wanda ke son bin yanayin kasuwar Liv-ex zai duba, wata kasuwar musaya ce a Landan da aka kafa a 2000, 'yan kasuwa kawai ke ciniki a ciki amma alƙalumanta irin su Fine Wine 100 da Fine Wine 1000 kowa na iya gani. Abu biyu take nunawa ƙarara. Na farko Bordeaux ta rasa sarautar da take da ita, a 2010 sama da kashi 90 na cinikin da ake yi a can nata ne, daga baya ya sauko ƙasa da rabi, giyar yankunan Burgundy da Champagne na Faransa da giyar Italiya irin su Sassicaia da Tignanello da Masseto suka cinye sauran. Na biyu, hawan da aka yi lokacin korona, lokacin da kuɗin ruwa ke kusa da sifili mutane na zaune a gida da kuɗi ba inda za su kai, ya tsaya a ƙarshen 2022, daga nan farashi ya dinga zamewa a 2023 da 2024 har cikin 2025. Burgundy da Champagne da suka fi kowa hawa su suka fi jin jiki a saukowar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, Babban Bankin Ingila ya kai kuɗin ruwa kashi 5.25 a Agustan 2023, to wa zai bar kuɗinsa a kwalbar da ba ta haihuwa alhali banki na biya? Ga Chaina ba ta dawo da saye kamar da ba, ga rigimar harajin Amurka, an taɓa ɗora wa giyar Faransa kashi 25 a 2019 kan rikicin tallafin kamfanin jiragen sama na Airbus, a 2025 kuma Trump ya yi barazanar kashi 200, masu shigo da kaya na Amurka suka ja birki ana dab da fara kakar en primeur.

Burgundy ɗin nan da ake ta magana, matsalarta daban ce. Gonakin ƙanana ne sosai, gonar Romanée-Conti ba ta kai hekta 2 ba, kwalba dubu biyar zuwa shida take bayarwa a shekara, shi ya sa a 2018 aka sayar da kwalba ɗaya ta 1945 dala 558,000 a gwanjon Sotheby's na New York. Irin waɗannan su ne ke da riba tun ranar fitowa, kuma su ne dillalin ba zai taɓa ba ka ba. Na tambaya, amsar cikin ladabi ita ce ana rabawa ne bisa tarihin sayayyar mutum, ma'ana sai ka shekara da shekaru kana kwasar kayan da ba sa tafiya kafin a ɗan tsakuro maka kwalba uku na wanda ke tafiya. Wannan ne ɓangaren sabis ɗin da ya fi ba ni haushi, ba don ban gane dalilinsu ba, sai don a tallan ana nuna maka jadawalin hawan farashin waɗannan ɗin ne a ce ga abin da giya ke yi.

A yi adalci, akwai shekarar da tsarin ya yi aiki kwanan nan. Giyar 2019 ta fito a tsakiyar 2020 ana cikin kulle, ba a yi taron ɗanɗano ba sai aika samfur aka yi ta jirgi, gidajen suka tsorata suka rage farashi da wajen kashi 20 zuwa 30, giyar kuma ta yi kyau, kaya suka ƙare nan da nan. Amma da kasuwa ta farfaɗo sai suka koma halinsu, 2022 ta fito da tsada sosai daidai lokacin da kasuwa ke juyawa ƙasa. Dubi Lafite kawai a farashin négociant: ta 2022 yuro 580 kwalba, ta 2023 yuro 396, ta 2024 yuro 288. Rabin farashi cikin shekara biyu. Shekarun ba ɗaya suke a inganci ba, 2024 ta sha ruwan sama da cutar ganye, amma duk da haka ka sa kanka a matsayin wanda ya biya kuɗin 2022 yana ganin ƙannenta na fitowa a haka, kuma duk da ragin kayan sun yi kwantai a wurare da yawa saboda rumbunan 'yan kasuwa cike suke da na shekarun baya.

Sai maganar shafin asusu, wanda shi ne abin da za ka fi kallo. Yana da kyau, ba ya sanƙarewa, kowane akwati da hotonsa da ranar saye da abin da ka biya da wata lamba da suka kira darajar kasuwa, kore idan ta hau ja idan ta sauka. Wannan lambar a yi hattara da ita. Farashin da ake tallata kayan ne ko tsakiyar tayi da nema, ba abin da wani zai ba ka yau ba. Da ka danna maɓallin sayarwa sai wata lambar ta fito, tayin da ke ƙasa, wanda a giyar da ba ta cika tafiya ba yana iya yin nisa da ta farkon sosai, wani akwatin ma babu tayi ko ɗaya, fili ne kawai. Ka sa naka farashin ka zauna jira, mako ya wuce wata ya wuce shiru. Manyan sunaye biyar ɗin can da irin su Pétrus, wata giyar Bordeaux mai tsada, suna samun mai saye da wuri idan ka sassauta, na tsakiya kuwa sai ka yi haƙuri.

Bari mu yi lissafi da misali don a ga inda kuɗin ke zurarewa. A ce ka sayi akwati fam 2,000. Shekara biyun farko tana ganga ba ka biyan ajiya, bayan ta iso ana cajin wajen fam 15 a shekara kan akwatin kwalba 12 har da inshora, shekara uku fam 45. Ranar sayarwa dillali zai cire kamashon kashi 10. Kenan don uwar kuɗinka kawai ta dawo bayan shekara biyar sai an sayi akwatin kusan fam 2,270, hawan kashi 14 ke nan kafin ka ga ko sisi. Idan kuma ka kwatanta da wanda ya ajiye fam 2,000 ɗin a inda ake ba shi kashi 4 a shekara, shi yana da wajen fam 2,430, kai sai akwatinka ya kai fam 2,750 kafin ku yi kunnen doki. A ƙaramin akwati abin ya fi muni, na fam 200 kuɗin ajiyar kaɗai kashi 7 da rabi ne duk shekara, don haka giya mai araha ba jari ba ce ko da me aka gaya maka, ta sha ce.

Ajiyar kanta ba ni da ƙorafi. Kayan na zama a sito mai lasisin kwastan, abin da suke kira in bond, ba ka biyan harajin giya da VAT na kashi 20 sai ranar da ka ce a kawo maka gida, idan kuma a can ka sayar wa wani ba ka biya ba sam. Irin waɗannan sito akwai Octavian da ke ƙarƙashin ƙasa a Corsham, tsohon ramin haƙar dutse da sojoji suka taɓa ajiye makamai, akwai London City Bond, sanyi wajen digiri 12 zuwa 13 ba hawa ba sauka, da danshi daidai don kada toshiyar kwalba ta bushe. Na nemi a ɗauko min hoton wani akwati, suka caje ni 'yan fam kaɗan suka turo: akwatin katako na asali da tambarin gidan a ƙone a jiki, ba a ɓalle ƙusoshin ba, ga sitika da lambar akwatin da sunana. Wannan sitikar ita ce abin da za ka nace a kai. Ka tabbatar akwatin na da lambarsa ta kansa kuma an rubuta naka ne, ba a cikin tarin kayan kamfani yake ba, domin ranar da kamfani ya durƙushe masu bin bashi ba sa tambayar na wane ne. Da ka fitar da kaya zuwa gida kuma darajarsu ta faɗi, ba mai yarda da yadda ka ajiye su.

Shekara biyun da giyar ke ganga kuwa ba ka da komai sai takarda, kuma nan ne haɗarin da ba a so a faɗa. A Birtaniya hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi ba ta sa ido kan jarin giya, asusun biyan diyya na masu ajiya a banki bai shafe ka ba. A Amurka wani shago mai suna Premier Cru a Berkeley ta California ya karɓi miliyoyin daloli na giyar da bai taɓa saya ba, ya rushe a 2016, mai shi John Fox ya tafi gidan yari. Ga jabu, Rudy Kurniawan da aka kama a 2012 yana haɗa tsofaffin giya na bogi a gidansa, aka ɗaure shi shekara 10. Wannan na jabun shi ne hujja mafi ƙarfi da ta rage wa en primeur, kayanka sababbi ne daga gidan, ba su daɗe suna yawo hannu zuwa hannu ba, sannan kana iya zaɓar girman kwalba, a zuba maka a magnum mai lita ɗaya da rabi ko rabin kwalba. Duk wanda kuma ya kira ka a waya ba ka san shi ba yana ce maka giya na ba da riba tabbas duk shekara kuma babu haraji, kashe wayar. Maganar harajin ma ba haka take kai tsaye ba, sassaucin harajin riba da suke nufi na kayan da ba sa wuce shekara 50 ne, manyan giya kuwa suna iya wucewa, hukumar haraji na iya cewa naka bai shiga ba.

To wa sabis ɗin ya dace da shi? Mai son giyar don kansa, yana son ta shekarar da aka haifi ɗansa ko wani ƙaramin gida da kayansa ke ɓacewa daga kasuwa, wannan zai ji daɗinsu, zan ba su huɗu cikin biyar. Mai neman riba kuwa biyu, kuma biyun don ajiyar ce da gaskiyar mutumin nawa idan an tambaye shi. Ni yanzu idan imel ya shigo abu ɗaya nake yi, in buɗe farashin 2016 da 2019 na gidan, shekaru biyu masu kyau da ke kwance a sito a shirye, idan sabuwar ba ta fi su araha da tazara mai kauri ba in rufe. A kakar da ta wuce kusan duka na rufe, da na gaya wa mutumin nawa dalili sai ya yi dariya ya turo min jerin tsofaffin da ke hannunsu.